Asabar Shida a Ajin Farfesan Kasuwancin Noma a Jos: Abin da Muka Biya da Abin da Muka Samu

A ƙarshen daminar da ta wuce ne ƙungiyarmu ta gama kai, wadda ke sayen dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu tana kawowa kasuwar Farin Gada a cikin garin Jos, ta yanke shawarar tura ni da ma'ajiyarmu wani kwas na Asabar shida da wata cibiya mai zaman kanta ta shirya a kan tafiyar da kasuwancin noma. Ni ne magatakardan ƙungiyar, kuma ni ne na fi kowa jan ƙafa a kan kashe wannan kuɗi, domin abin da aka nemi kowane mutum ya biya ya kusa kuɗin buhun taki biyu, ga shi kuwa na sha zuwa tarurrukan bita da ba a fita da komai sai jaka da alƙalami da hoton haɗin gwiwa. Abin da ya sa na sassauta shi ne malamin da aka ce zai jagoranci karatun, wani farfesa da ya shafe shekaru yana koyar da wannan fanni a jami'a. Ba zan ambaci sunansa ko sunan cibiyar ba, saboda cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, kuma manufata ita ce wanda aka kawo wa irin wannan talla ya san abin da zai duba kafin ya sa hannu a aljihu.

Takardar tallar da aka raba mana ta cika shafi biyu da tarihin karatunsa da aikinsa, kamar yadda aka saba. Ya yi digirin farko a fannin tattalin arzikin noma a wata jami'a ta Arewa, ya yi hidimar ƙasa, aka riƙe shi a matsayin mataimakin malami, ya yi digiri na biyu da na digirgir, sannan ya bi matakan da kowane malamin jami'a a Nijeriya yake bi: ƙaramin malami, malami mai daraja ta biyu da ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, har ya kai kujerar farfesa. An lissafa muƙaloli da ya wallafa a mujallun ilimi, da ɗaliban da ya duba kundin bincikensu, da lokacin da ya riƙe shugabancin sashe. Wanda ya san jami'a ya san cewa hawa wannan tsani ba ƙaramin aiki ba ne, domin kafin a ba mutum farfesa sai an aika rubuce-rubucensa ga manyan malamai na wasu jami'o'i sun tantance. Amma ni da nake auna buhu a Farin Gada, yawan muƙala bai gaya mini komai ba. Tambayar da na riƙe a zuciyata ita ce ko a cikin duk waɗannan shekaru mutumin ya taɓa tsayawa a bakin mota ana loda dankali da asuba, ya ji yadda dillali da manomi suke ciniki.

Amsar ta fito tun a Asabar ta farko, kuma ita ce ta sa ban yi nadamar kuɗin ba. Bai buɗe karatun da ma'anar kalmomi ba, sai ya tambayi kowannenmu nawa ya sayi buhu a makon da ya wuce, a wace kasuwa, kuma buhun wane iri ne. Da wani ɗan'uwa daga Barikin Ladi ya faɗi farashi, sai Farfesa ya tambaye shi ko buhun da aka ɗinka wa ƙari a baki ne ko wanda aka ɗaure daidai bakinsa. Ajin ya fashe da dariya, domin wannan tambaya ba ta fitowa daga bakin wanda littafi kaɗai ya sani. Daga baya ya ba mu labarin cewa binciken digirinsa na uku a kasuwannin kayan gwari ya yi shi, yana bin kaya tun daga gona har zuwa hannun mai saye na ƙarshe, yana rubuta abin da kowa ya karɓa da abin da kowa ya kashe a hanya. Ya ce tun daga lokacin abubuwa uku ne suka riƙe hankalinsa, kuma a kansu ne mafi yawan rubuce-rubucensa suka tsaya: yadda farashi ke rabuwa tsakanin manomi da dillali da ɗan kasuwa, ɓarnar da ake yi bayan girbi, da kuma dalilin da ya sa lamunin noma ba ya isa ga mai ƙaramar gona, in kuma ya isa ba ya dawowa.

Ya ɗauki kusan sa'a guda yana bayanin asalin fannin nasa, abin da da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, amma daga baya na ga amfaninsa. A cewarsa, kallon noma a matsayin sarƙa guda, wadda ta haɗa mai sayar da iri da taki, da manomi, da mai ajiya, da mai sarrafawa, da mai dako, da mai sayarwa, ya samu suna ne a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1957, ta hannun John Davis da Ray Goldberg. Sai dai bai tsaya a Amurka ba, ya dawo da mu Samaru ta Zariya, inda David Norman da abokan aikinsa suka bi manoman ƙauyukan Zazzau a shekarun 1960 da 1970 suna rubuta aikinsu da amfaninsu, har suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta rage kasada, ba jahilci ba ne kamar yadda wasu malaman gona suke ɗauka a lokacin. Ya kuma ambaci Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura da yadda talaka ke sayar da hatsinsa da araha a kaka sannan ya dawo ya saya da tsada a bazara. Farfesa ya ce a wannan makaranta ya ɗauki kansa, wato makarantar masu zuwa su ƙirga da idonsu kafin su ba manomi shawara. Wannan ne ya bayyana mini dalilin da ya sa ya fi son ya ji lambobinmu a kan ya karanta mana nasa.

Asabar ta biyu da ta uku su ne zuciyar kwas ɗin, kuma da su kaɗai aka yi aka tashi, da na ce kuɗina ya fita. Batun ajiya aka yi. Duk mai harkar dankali a Filato ya san cewa wanda aka shuka da ruwan farko, a watan Afrilu ko Mayu, yana fitowa kasuwa wajen Yuli da Agusta, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, sannan ya riƙa hawa idan an fara ƙarancinsa. Shekara da shekaru muna saye a lokacin arha muna ajiyewa, muna kuma ganin mun ci riba saboda mun sayar sama da yadda muka saya. Farfesa ya sa muka yi lissafin a allo da lambobi na misali masu sauƙin riƙewa. A ce ka sayi buhu 100, kowane a kan naira 100, jarinka ya zama 10,000. Bayan wata uku farashi ya kai 140, kai kana ganin ribar 4,000 ta zo hannu. To amma dankali ba hatsi ba ne, abu ne mai rai da yake numfashi a cikin sito, yana zubar da ruwan jikinsa, yana tsiro, wani yana ruɓewa ya shafi na kusa da shi. A ce da ka zazzage ka tsince ka sake cika buhuna, 85 suka rage. Kuɗinsu 11,900. Cire hayar sito da kuɗin masu tsincewa da mai gadi da 'yan dako, a ce 1,000. In kuma jarin bashi ne mai ruwan kashi 5 cikin 100 a wata, ka sake cire 1,500. Abin da ya rage a hannunka 9,400 ne, wato ka faɗi da 600 alhali kana ta yi wa kanka barka. Kafin ka mayar da uwar kuɗi a wannan misali, sai buhu ya wuce naira 147.

Ma'ajiyarmu, wadda ta girme ni a wannan sana'a, ta ɗaga hannu ta ce, ranka ya daɗe, ai mu da kuɗinmu muke saye, ba ma cin bashi mai ruwa. Amsar da ya ba ta ita ce abin da na fi tunawa a duk kwas ɗin. Ya ce mata, Hajiya, kuɗin da ya kwanta wata uku a sito, da kin bar shi a hannu sau nawa za ki juya shi tsakanin Bokkos da Farin Gada, kuma nawa kike samu a kowane juyi? Wannan ribar da kika haƙura da ita, ita ce kuɗin ruwan da kika biya ba tare da kin sani ba. Hajiya ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ni kuwa na tuna shekaru biyu da muka yi ajiya muka raba abin da muka kira riba, alhali ba mu taɓa rubuta buhu nawa suka shiga sito da nawa suka fito ba. Bai ce mana kada mu yi ajiya ba. Ya ce mu riƙa auna buhu goma a kan sikeli ranar shiga, mu yi musu alama, mu sake auna su duk bayan mako biyu, domin mu san ainihin ɓarnar sitonmu maimakon mu ari lambar wani.

A nan ne kuma ya bambance mana ajiyar dankalin ci da ta dankalin iri, bambancin da manoma da yawa suka sani a aikace amma mu 'yan kasuwa muke haɗa su. Na ci yana son duhu da sanyi da iska, domin haske yana mayar da fatarsa kore, kuma koren nan yana da ɗaci da illa ga mai ci. Na iri kuwa ana shimfiɗa shi ne a kan kantoci, ba a tara shi da yawa ba, a ɗakin da haske ke shiga ba tare da rana ta buge shi kai tsaye ba, sai ya fitar da gajerun tsiro masu ƙarfi da ba sa karyewa wajen shuka. Ya tunatar da mu cewa sanyin da tudun Jos yake da shi, wanda ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ne ya sa mafi yawan dankalin ƙasar nan daga Filato yake fitowa, kuma shi ne ya sa Cibiyar Binciken Saiwoyi ta Ƙasa da ke Umudike ta kafa sashenta na dankali a Kuru. Ya ce iri shi ne mafi tsadar abin da manomin dankali yake kashe wa kuɗi, tun da hekta guda tana cin kimanin tan biyu, kuma manomin da yake maimaita irin gonarsa shekara bayan shekara, ko Nicola ne ko Marabel, yana tara cuta a cikinsa har amfanin ya riƙa raguwa. Ya danganta wannan da cutar ƙonewar ganye da ke zuwa idan damina ta yi nisa, ga sanyi ga laima, wadda takan cinye gona cikin 'yan kwanaki, sannan dankalin da ya kamu ya je ya ƙarasa ruɓewa a siton ɗan kasuwa. Shawararsa ita ce mu riƙa sanin gonar da kayanmu ya fito, abin da mai saye ta hannun dillali ba ya cika damuwa da shi.

Game da dillalai, na shiga ajin ina tsammanin zai yi abin da 'yan boko suka saba, wato ya ɗora musu laifin talaucin manomi gaba ɗaya. Bai yi haka ba. Ya ce abin da ya gani a kasuwanni shi ne dillali yana yin aikin da ba wanda ya shirya yi: shi ya san mai kaya, shi ya san mai saye, shi ke tsaya wa baƙon ɗan kasuwa da ya zo daga Legas ko Fatakwal, shi ke ba manomi rance idan matarsa ta haihu ko ɗansa ya kwanta ciwo, kuma la'adarsa ladan wannan aiki ce. Inda ake cutar manomi, a ganinsa, shi ne ma'auni. Muddin ana ciniki da buhu da kwando ba da sikeli ba, mai saye zai ci gaba da ƙara girman buhu yana barin farashi yadda yake, kuma manomi ba shi da hanyar kwatanta farashin Bokkos da na kasuwar Mile 12 a Legas, domin buhun nan ba buhun can ba ne. Wani dattijo da ya daɗe yana dillanci a ajin ya yarda da rabin maganar ya musanta rabi, ya ce sikeli ma ana murɗa shi, kuma mai saye daga Kudu ba zai yarda ya biya kilo-kilo ba alhali ƙasa da ruɓaɓɓe suna cikin nauyin. Farfesa bai kare kansa ba, ya rubuta maganar a littafinsa ya ce gaskiya ce. Na ga girmansa a wannan wuri fiye da yadda na gani a shafi biyun takardar talla.

Batun lamuni ya fi kama da darasin tarihi, kuma ya ratsa shi da sauri. Ya lissafo bankin noma da aka kafa a Kaduna a farkon shekarun 1970, da asusun lamunce bashin noma na Babban Bankin Nijeriya na 1977, da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, da na juyin noma na Shagari a 1980, da rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, da rabon taki ta wayar salula a zamanin minista Akinwumi Adesina daga 2012, har zuwa shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Abin da ya zaro daga wannan jeri guda ɗaya ne: bashin da ya zo bayan lokacin shuka ya wuce, ko wanda manomi ya ɗauka a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa, ba ya dawowa, alhali adashi da bashin dillali suna dawowa saboda mai bayarwa ya san gidan mai karɓa, kuma kunyar ido tana aiki. Ya ce abin da banki ke nema a wurin ƙungiya irin tamu, kafin ma a zo maganar jingina, shi ne rajista da asusu mai motsi da littafin shige da fice na aƙalla 'yan shekaru. Mu muna da na farko da na biyu, na ukun ne ba mu da na kirki. Na so a ce ya tsaya a kan hanyoyin kuɗi marasa ruwa, tun da rabin ajin ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da kyauta aka kai musu gida, kuma bankin Jaiz yana aiki a ƙasar nan tun 2012, amma jimla biyu ya yi a kai ya wuce. Wannan giɓi ne babba ga kwas da ake yi a Jos.

Daga nan ne abubuwa suka fara tsami. A Asabar ta huɗu Farfesa bai zo ba, aka ce yana wani taro a Abuja, sai aka turo mana wani matashi daga cikin ɗalibansa na digiri na uku. Yaron yana da ladabi kuma ya san karatunsa, amma ya kunna majigi ya karanta mana rubutun Turanci shafi bayan shafi na sa'a uku, da jadawali da alamomin lissafi irin waɗanda ake sa wa a kundin bincike. A ajin akwai Hausawa da Birom da Ron da Magabul, kuma harshen da ya haɗa mu duka, a kasuwa da a gona, Hausa ne. Farfesa da kansa da Hausa yake yin mafi yawan bayaninsa, yana sa Turanci inda ya zama dole. Da aka koma Turanci zalla, matan da ke zaune a baya suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Cibiyar ba ta sanar da mu wannan canji tun da wuri ba, ba ta kuma rama mana ranar ba, alhali sunan Farfesa aka sayar mana ba na ɗalibinsa ba. Takardun da aka raba mana ma duk da Turanci suke, kuma da na duba su a gida sai na gane cewa darussan ɗaliban jami'a ne aka kwafo, har da tambayoyin jarrabawa a ƙarshensu. Lissafin ajiyar da ya fi komai amfani bai fito a cikinsu ba, sai wanda ya kwafa daga allo da hannunsa.

An kuma yi mana alkawarin ziyarar gani da ido zuwa wani siton iri da wata gonar noman rani da ake shayarwa daga tsofaffin tafkunan haƙar kuza. An ɗage ta saboda rashin kwanciyar hankali a hanyar da za a bi, kuma wannan uzuri ne da duk mazaunin Filato zai karɓa ba tare da gardama ba. Abin da ban karɓa ba shi ne kuɗin motar da aka haɗa cikin kuɗin kwas, wanda har yau ba a mayar ba kuma ba a sa wata rana ba, ga shi akwai lambuna da sitoci a kewayen Jos da za a iya zuwa a dawo kafin azahar.

Shi kansa Farfesa yana da inda ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai. A Asabar ta biyar ya yi magana a kan sarrafa dankali zuwa soyayye na leda da gari, da fitar da acca zuwa ƙasashen waje, da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba ƙarya ba ce, amma a nan na lura cewa ya daina tambayarmu lambobi ya koma ba mu labarin abin da ya gani a tafiye-tafiyensa na taron masana. Da na tambaye shi nawa ƙaramin injin yanka da suya zai ci a wata idan da janareta za a tafiyar da shi, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai ya amsa da gaskiya cewa bai yi wannan lissafi ba tun da farashin ya canza. Na yaba da gaskiyar, amma ta nuna mini iyakar abin da zan ɗauka daga gare shi. Inda ya yi bincike da ƙafarsa, maganarsa tana da nauyi kamar ta tsohon ɗan kasuwa, har ta fi, domin shi ya ga kasuwanni da yawa ya kwatanta. Inda kuwa karantawa ya yi ko ji ya yi a taro, bai fi kowane mai jawabi a rediyo ba. Ina ganin wannan ba aibinsa ba ne shi kaɗai. Malamin jami'a a ƙasar nan yana hawa ne da yawan abin da ya wallafa, kuɗin fita bincike kuwa ƙalilan ne, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, saboda haka da yawa sukan yi aikin fili mai kyau a ƙuruciya sannan su rayu a kansa har ritaya. Alamu sun nuna Farfesa yana ci gaba da zuwa kasuwa, domin ya san sabon farashin dako da na buhun da babu komai a ciki, amma a harkar masana'anta baƙo ne.

Ranar ƙarshe ce ta gyara mini rai. An ce kowace ƙungiya ta kawo littafinta, shi kuma ya zauna da kowa na kimanin minti ashirin. Namu littafin ya duba ya yi murmushi, domin kuɗin shiga da na fita kaɗai muke rubutawa, a shafi ɗaya, har da gudummawar biki da ta jana'iza a cikin kuɗin kaya. Ya zana mana shafi mai gida shida da hannunsa: ranar saye, kasuwa, yawan buhu da nauyinsu, duk abin da aka kashe har kaya ya sauka, ranar sayarwa da nauyin da ya rage, sannan abin da aka karɓa. Ya ce asusun zumunci ya koma wani littafi dabam. Ya kuma ba mu shawarar da ba mu zata ba, cewa a bana kada mu ajiye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muka saba, sauran jarin mu ci gaba da juya shi, sai mun ga abin da sikeli ya nuna a kan buhu goman gwaji. Minti ashirin ɗin nan sun fi Asabar ta huɗu da ta biyar a haɗe, kuma da cibiyar tana da wayo da ta mayar da rabin kwas ɗin irin wannan zama.

Wurin karatun yana da tsabta, kujerun sun isa, an kiyaye lokacin salla, abincin rana kuwa shinkafa ce da ba ta kai a yi maganarta ba. Takardar shaidar da aka ba mu tana da kyan gani, sai dai ba ta jami'a ba ce, ta cibiyar ce, kuma wanda yake neman abin da zai nemi aiki da shi ya san da wannan tun kafin ya biya.

Wanda zai amfana da wannan kwas shi ne mai riƙe da kuɗin jama'a ko nasa a harkar kayan gwari, wanda ya riga ya san kasuwa amma bai taɓa zama ya raba riba da jari a takarda ba, da kuma manomin da ya kai matsayin ajiye kayansa maimakon sayarwa a bakin gona. Matashin da ya gama makaranta yana neman a koya masa noma daga tushe ba zai samu abin da yake so ba, domin ba a koyar da shuka ko feshi, haka ma mai shirin kafa masana'anta. Wanda zai yi rajista ya nemi a rubuta masa ranakun da Farfesa da kansa zai tsaya a gaban aji, ya tambayi harshen da za a yi karatu da takardu da shi, ya kuma nemi a ware kuɗin ziyara daga kuɗin kwas. Ya tambayi malamin, kowane ne, a wace kasuwa ya yi bincikensa kuma yaushe rabonsa da ita.

Mun sayi sikeli mai ɗaukar buhu, mun ajiye shi a bakin sito, kuma buhu goman da muka yi wa jan fenti an auna su sau uku zuwa yanzu. Hajiya ce ke riƙe da littafin, kuma ta hana a taɓa su ko da mai saye ya zo da kuɗi a hannu. A taron ƙungiya na watan gobe za mu kawo lambobin, sannan a yanke ko za a tura mutum biyu zagaye na gaba, bisa sharaɗin a mayar mana da kuɗin motar ziyarar da ba a yi ba.